Wulaƙanci Ma Ciwo Ne: Darasi Daga Aikin Farfesa David Williams

A zangon karatun da ya gabata na raka wani abokin karatuna Bahaushe neman ɗakin haya a wata unguwa da ke kusa da makaranta. Mun ga ɗakin, mun daidaita da mai gidan kan kuɗi, har ya miƙe zai ɗauko mabuɗi, sai ya waiwayo ya tambayi abokina sunansa da jiharsu. Da ya ji amsa sai ya koma ya zauna, ya ce ya tuna ashe wani ya riga ya kama ɗakin. A hanyar dawowa raina a ɓace yake ina ta faɗa, shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Haba ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ai mun saba." Wannan magana ta fi abin da mai gidan ya yi tsaya mini a rai. Tambayar da na riƙa yi wa kaina ita ce, idan baki ya ce ya saba, shin jiki ma ya saba?

Akwai masanin da ya shafe kusan shekara arba'in yana bin diddigin wannan tambaya, kuma ina ganin ya dace ɗaliban harshe su san shi. Sunansa David R. Williams, masanin ilimin zamantakewar al'umma a Jami'ar Harvard da ke Amurka. An haife shi a tsibirin Aruba a 1954, ya tashi a Saint Lucia cikin yankin Karebiyan, wato ƙasar da galibin mutanenta baƙar fata ne. Da ilimin addini ya fara a Trinidad, sannan ya karanta kiwon lafiyar jama'a a Jami'ar Loma Linda, ya kuma sami digirin dakta a fannin zamantakewa daga Jami'ar Michigan a 1986. Ya koyar a Yale shekara 6, ya koma Michigan shekara 14, daga nan ya wuce Harvard a 2006.

Matsalar da ya tarar a fagen nazari tsohuwa ce. Tun a 1899 W. E. B. Du Bois ya yi bincike a kan baƙar fatar birnin Philadelphia, ya nuna cewa yanayin zamansu ne ke jawo musu yawan cuta da mutuwa, alhali mutane da yawa a lokacin suna ɗora laifin a kan halittarsu. Bayan haka sai masana suka karkata ga cewa talauci ne tushen komai: a ba baƙar fata ilimi da albashi mai kyau, tazarar za ta rufe. Williams bai musa tasirin talauci ba, shi kansa yakan nuna cewa ilimi da samun kuɗi suna ƙara tsawon rai ga kowa. Sai dai alƙaluman Amurka sun nuna wani abu da talauci kaɗai ba zai bayyana ba. Mace baƙar fata mai digiri ta fi farar fatar da ba ta gama sakandare ba fuskantar haɗarin mutuwar jariri. To, idan ilimi ne kaɗai maganin, ina aka sami wannan giɓi?

A lokacin mutane da dama sun yarda cewa wariya na taɓa lafiya, amma ana cewa ba abu ne da za a iya aunawa ba. Nan ne Williams ya yi aikin da ya fito da sunansa. A wani bincike da aka gudanar a yankin Detroit a 1995 a kan mutum sama da 1,000, wanda aka buga sakamakonsa a 1997, shi da abokan aikinsa sun yi amfani da wasu tambayoyi guda 9 da ake kira Ma'aunin Wariyar Yau da Kullum. Tambayoyin ba su nemi labarin kora daga aiki ko dukan 'yan sanda ba, domin waɗannan akwai wani ma'aunin dabam da aka tanadar musu. Ƙananan abubuwa suka bi: sau nawa ake karɓar ka da ƙarancin ladabi ko girmamawa fiye da wasu, sau nawa ake yi maka hidimar rabin zuciya a kanti ko gidan abinci, sau nawa ake ɗaukar ka marar wayo ko marar gaskiya, ake jin tsoronka, ake nuna an fi ka, ake zagin ka, ko ake tsorata ka. Bayan mutum ya amsa ne ake tambayarsa abin da yake ganin shi ne dalili, ko launin fata, ko jinsi, ko shekaru, ko addini, ko wani abu.

Wannan tsari na jinkirta tambayar dalili shi ya fi burge ni, domin bai cusa wa mutum amsa a baki ba, kuma shi ya sa ma'aunin ya yi amfani a ƙasashe da yawa. Binciken da aka yi ta yi da shi ya nuna cewa waɗanda suka fi fuskantar irin wannan raini sun fi fama da damuwa da rashin barci, kuma an ga alaƙarsa da hawan jini da alamomin ciwon zuciya. Bayanin da masana lafiya ke bayarwa mai sauƙin fahimta ne. Duk lokacin da mutum ya ji barazana, jiki na sakin wasu sinadarai irin su kotisol, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau. Idan abin na lokaci ɗaya ne sai jiki ya huce. Idan kuwa kullum ne, safe da yamma, shekara da shekaru, sai jiki ya riƙa lalacewa a hankali kamar igiyar guga a bakin rijiya. Williams ya auna har da zaman ɗar-ɗar, wato yadda mutum kan shirya wa wulaƙanci tun kafin ya fita daga gida, ya gyara shigarsa da lafazinsa don kada a raina shi. Abokina da ya ce sun saba, wannan zaman yake nufi bai sani ba.

Bai kuma tsaya kan halin ɗaiɗaikun mutane ba. A 2001 shi da Chiquita Collins sun rubuta cewa ware wa baƙar fata unguwanninsu dabam yana daga cikin manyan tushen bambancin lafiya a Amurka, saboda unguwar da mutum ke zaune ita ke yanke irin makaranta da aiki da asibitin da zai samu. Yana kuma cikin kwamitin da ya fitar da wani rahoto a 2002, wanda ya nuna cewa ko da inshorar lafiya iri ɗaya ce, baƙar fata sukan sami kulawa ƙasa da ta farar fata a asibiti.

Na san wasu za su ce wannan duk labarin Amurka ne, mu nan duk fatarmu ɗaya, kuma mai fama da zazzaɓin cizon sauro da rashin abinci ina ruwansa da kallon banza? Akwai gaskiya a maganar. Tarihin bauta da dokokin wariyar launi na Amurka nasu ne, kuma kuskure ne a kwaso alƙalumansu a ɗora wa Nijeriya. Wasu kuma za su ce ma'aunin ya dogara ne ga abin da mutum ya faɗa da bakinsa, mai yiwuwa wanda ke cikin damuwa shi ya fi ganin raini ko'ina. Wannan ma tambaya ce mai ma'ana, shi ya sa aka yi binciken da ke bin mutane tsawon shekaru, kuma a cikinsu an ga wariya na rigan taɓarɓarewar lafiya zuwa.

Game da batun cewa abin na Amurka ne kawai, Williams da kansa ya gwada shi a Afirka. Ya jagoranci wani babban bincike kan damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa a Afirka ta Kudu tsakanin 2002 da 2004, inda aka tattauna da manya sama da 4,000 cikin harsuna irin su Zulu da Xhosa da Tswana da Afirkans. An gano cewa wariya na tafiya tare da taɓuwar lafiyar ƙwaƙwalwa, ko ta launin fata ce ko ta wani dalili dabam. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mu ma muna da namu layukan: ɗan ƙasa da baƙo, ƙabila, addini, jinsi, naƙasa. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda ƙabila ko asali ko jinsi ko addini, kuma a 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Duk da haka wanda aka haifa a gari, kakansa ma a garin aka binne shi, yakan rasa takardar shaidar zama ɗan asalin wurin idan ya zo neman gurbin karatu ko aiki.

Kada kuma wani ya ɗauka gefe ɗaya ne mai laifi. A nan Kudu kowa ya san yadda aka juya kalmar "aboki", kyakkyawar kalma ta zumunci, ta zama abin kiran mai gadi ko mai sayar da kayan tireda da sigar raini. Ni ma da na je Arewa don gogewa da harshe na sami karamcin da ba zan manta ba, amma akwai ranar da na buɗe baki a wata kasuwa, aka ji harshena bai faɗa daidai ba, aka kira ni da sunan da ake kiran mutanenmu idan ana son muzanta su, jama'a suka kwashe da dariya. Kwana biyu na yi ina tsoron yin Hausa a gaban mutane. Kowa a ƙasar nan ɗan gida ne a wani wuri, baƙo a wani wurin.

To, mene ne namu a ciki, mu ɗaliban harshe? Ra'ayina shi ne babban rabon aikin namu ne. Ma'aunin Williams tambayoyi ne, tambaya kuma harshe ce. A ce yau likita ko masanin zamantakewa na son auna wannan abu a Sabo ta Ibadan ko a Sabon Garin Kano, da wace kalma zai tambaya? Hausa na da raini, da wulaƙanci, da ƙyama, da tsangwama, da muzantawa, da wariya, kuma kowace da nauyinta. Raini daga ƙasa yakan hau sama, yaro ya raina babba. Wulaƙanci sau da yawa mai iko ne ke yi wa na ƙasa da shi. Ƙyama na ɗauke da ma'anar gudun ƙazanta. Idan mai fassara ya ɗauki ɗaya a madadin ɗaya, amsar da za a samu ta wata tambaya ce dabam. Sannan ga kunya da kara: dattijuwa za ta yarda ta faɗa wa baƙon yaro mai riƙe da takarda cewa ana wulaƙanta ta? Ko kuwa za ta ce "sai godiya" kamar yadda tarbiyya ta koya mata? Wanda ya san yadda Bahaushe ke ɓoye ciwo cikin gaisuwa shi kaɗai zai iya tsara tambayar da za ta fito da gaskiya ba tare da ta ci mutuncin kowa ba. Tambayar da ta shafi gidan abinci ma sai an sake mata riga, ta koma ta tashar mota da layin asibiti da ƙofar ofis.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu neman batun kundin kammala digiri, da mu daina ganin fassara a matsayin aikin cike gurbi. Mutum zai iya ɗaukar waɗannan tambayoyi 9, ya fassara su, ya ba wani ya mayar da su Ingilishi don a ga inda ma'ana ta zube, sannan ya gwada su da masu jin Hausa na asali da irinmu masu koyo. Zai iya haɗa kai da ɗaliban sashen zamantakewa da na likitanci, kowa ya kawo abin da ya iya, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka kuma ina roƙon malamanmu su ƙarfafa mana gwiwa a kan irin wannan aiki.

Kafin nan akwai abin da ba ya buƙatar digiri. Gobe idan ka tsaya sayen goro ko gyaran takalmi, ka tambayi mutumin sunansa ka kira shi da shi. Abokina ya sami wani ɗakin daga baya, nesa da makaranta, kullum sai ya hau mota biyu kafin ya iso aji. Har yanzu cewa yake yi sun saba, ni kuwa har yanzu ban yarda ba. Allah ya sa mu gyara.