Gasar Wasan Kwamfuta a Filin Wasanni na Rediyo da Talabijin: Ta Cancanta Ko Kuwa?

Masu iya magana sun ce zamani riga ne. To, ɗaya daga cikin rigunan da wannan zamani ya ɗinko ita ce gasar wasan kwamfuta, watau inda samari kan zauna gaban allo su kara da juna, jama'a na kallo, wanda ya yi nasara ya kwashi kuɗi. Muhawarar da ta taso a ƙasashen da abin ya yi ƙarfi ita ce, shin ya dace a sa wannan gasa cikin filin wasanni na rediyo da talabijin, kafaɗa da kafaɗa da ƙwallon ƙafa da dambe? Ra'ayina shi ne ta cancanci a ba ta wuri a talabijin bisa sharuɗɗa, amma rabonta a rediyo kaɗan ne. Ga dalilaina, malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su auna su gani.

Da farko dai, abin ba baƙo ba ne kamar yadda wasu suke zato. Tun a 1972 aka yi gasar wasan Spacewar a Jami'ar Stanford ta Amurka, kuma a 1980 kamfanin Atari ya shirya gasar Space Invaders wadda mutum fiye da dubu goma suka shiga. Amma a Koriya ta Kudu ne abin ya zama sana'a sosai. A 2000 aka kafa hukumar da ke kula da 'yan wasan, aka kuma buɗe tashar talabijin ta OnGameNet, wadda ta riƙa nuna gasar StarCraft tare da masu sharhi, kamar dai yadda ake yi wa ƙwallo.

Babbar hujjar masu adawa ita ce wasa na gaskiya sai da gumi. A 2014 shugaban tashar wasanni ta ESPN na lokacin, John Skipper, ya ce wasan kwamfuta gasa ce kawai irin ta darar Turawa da ake kira ces, ba ta shiga sahun wasannin da tasharsa ke nema ba. A shekarar da ta biyo tashar ta nuna gasar Heroes of the Storm ta ɗaliban jami'o'i, sai wani fitaccen mai sharhinta a rediyo, Colin Cowherd, ya ce gara ya bar aiki da a tilasta masa yin sharhi a kan irin wannan abu.

Wannan hujja tana da rauni. A lokacin, ita ESPN ɗin ta daɗe tana nuna gasar karta da gasar harhaɗa haruffan kalmomi ta yaran makaranta, ba wanda ya ce an keta alfarmar wasanni. Har ila yau, harbin bindiga da harbin baka suna cikin wasannin Olimfik, alhali abin da suke bukata shi ne natsuwa da kaifin ido da hannu marar rawa. Kwamitin Olimfik na Duniya ma ya amince da hukumar ces tun 1999. In kuwa natsuwa da saurin hannu sun isa su sa maharbi cikin 'yan wasa, da wace hujja za a fitar da wanda yatsunsa da idonsa da tunaninsa suke aiki tare cikin ƙiftawar ido? Ƙasashen Asiya sun riga sun yanke hukunci. Sun gwada gasar a wasanninsu na 2018 a Jakarta, sannan suka ba da lambobin yabo a kanta a wasannin Hangzhou da aka yi a 2023.

Mu ɗaliban Hausa muna da abin lura a nan. Turanci ya ware kalma ɗaya ga wasan motsa jiki, wata kuma ga wasan nishaɗi, kuma rabin gardamar Turawa a kan wannan iyaka take. Bahaushe kuwa wasa yake ce wa dambe da kokawa da langa, wasa yake ce wa dara. Dattijon da ke zaune gindin bishiya yana kashe wa abokin karawarsa 'ya'yan dara bai zubar da gumi ba, amma ba mai musun cewa gwani ne. Saboda haka sunan filin wasanni, a harshenmu, bai kori kowa ba.

Sai dai akwai wata hujja da ta fi ta gumi nauyi, wadda masu goyon baya kan yi tsalle su ƙetare ta. Ƙwallon ƙafa ba mallakar kowa ba ce. Yara su sami fili da ƙwallo, ko da ta tsumma ce, wasa ya kankama. Shi kuwa kowane wasan kwamfuta hajar kamfani ne, wanda yake da ikon sauya dokokinsa, ko ya rufe gasar duk ranar da riba ta ja baya. Haka ya faru a ƙarshen 2018, lokacin da kamfanin Blizzard ya soke babbar gasar Heroes of the Storm, 'yan wasan da suka dogara da ita suka wayi gari ba sana'a. Ashe ke nan tashar da ta nuna irin wannan gasa tana yi wa kamfani talla ne, ko ta sani ko ba ta sani ba. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin wasannin na harbe-harbe ne da kisa, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka. Tashar da ke shiga ɗakin kowa, yaro da babba, ba ta da damar kau da kai daga waɗannan.

Game da rediyo kuwa, matsalar ta fahimta ce. Sharhin ƙwallo yana yin armashi domin mai sauraro ya riga ya san fili, da raga biyu, da 'yan wasa ashirin da biyu masu bin ƙwallo ɗaya. Duk da haka, sa'ad da BBC ta fara sharhin ƙwallo kai tsaye a 1927, a karawar Arsenal da Sheffield United, sai da aka buga taswirar fili mai gida takwas a mujalla don mai sauraro ya gane inda ƙwallo take. To, ina ga wasa irin Dota 2, inda mutum goma suke zaɓen jarumai daga cikin fiye da ɗari, kowane da irin makaminsa, ana gwabzawa a wurare dabam-dabam a lokaci guda? Ko mai kallo sai ya koyi wasan kafin ya gane, balle wanda kunne kaɗai ya ba shi. Abin da rediyo zai iya shi ne ba da sakamako, da hira da 'yan wasa, da tattauna amfani da illa.

Shawarata ga gidajen watsa labarai guda uku ce. Ta farko, a ware wa gasar lokacinta a talabijin, a kuma fara da wasannin da suke kwaikwayon ƙwallo da tseren mota, waɗanda kowa zai gane. An ga misalin haka a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe filaye, tashoshi suka nuna direbobin Formula 1 suna tsere ta kwamfuta. Ta biyu, in kamfani ne ya biya kuɗin shirin, a faɗa wa masu kallo a fili. Ta uku, wadda ta fi shafarmu, kada baƙo ya kori ɗan gida. Ƙwallon Turai ta riga ta cinye yawancin lokacin wasanni a tashoshinmu, dambe da kokawa suna samun ragowa. Jamhuriyar Nijar ta nuna abin da ake iya yi, domin gasar kokawa ta takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, takan tara jama'a gaban rediyo da talabijin. In za a rage wa wani lokaci don a ba wasan kwamfuta, to, kada a rage daga na su dambe.

Daga ƙarshe, akwai aiki a gabanmu mu na wannan sashe. Samari a garuruwanmu suna cika shagunan wasan gem, suna magana da kalmomin aro barkatai. Ranar da tasha za ta nemi mai sharhin wannan gasa da Hausa, wajibi ne ta tarar mun tanadi kalmomin da zai yi aiki da su. In muka tsaya gardamar ko wasa ne ko ba wasa ba, wasu za su yi sharhin da wani harshe, yaranmu kuma su bi su can.