Siminti a Malbaza, kwangila a Yamai: har yaushe?

Jama'a, ku zo mu yi lissafi. Tun cikin shekarun 1960 kamfanin siminti yake tsaye a Malbaza. Ƙurarsa ta sauka bisa rufin kowane gida, tireloli suna ɗaukar buhunansa dare da rana zuwa Yamai, Maraɗi da Damagaram. A gindinsa aka haifi magina, kafintoci da masu walda waɗanda suka san aikinsu. Amma ranar da gwamnati ta buga sanarwar gina aji uku a Dogarawa ko ɗakin haihuwa a Badagishiri, wa yake samun aikin? Sau da yawa wani mai babbar riga ne daga birni, wanda bai taɓa riƙa cebur ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kafin ƙaramin ɗan kwangila ya miƙa farashinsa, sai ya yi rajistar kasuwanci, ya karɓi lambar haraji ta NIF, ya kawo shaidar ba a bin sa bashin haraji, ya kawo ta asusun ma'aikata na CNSS. Sai ya nemi takardar izinin kwangilar gini daga ma'aikatar minista. Sai ya sayi kundin gasar da kuɗin da ba a mayarwa, sannan banki ya tsaya masa jingina. Kowace takarda da kuɗinta, da tambarinta, da kuɗin motarta, ga Yamai fiye da kilomita 400. Mai babban kamfani yana biyan wannan kamar kuɗin goro. Magini na Tsarnawa kuwa sai ya sayar da albasarsa ta shekara, alhali bai da tabbacin zai ci gasar.

Ƙarshenta mun san shi. Babba ya ci kwangilar, ya yanke rabonsa, ya miƙa ragowar ga wancan ƙaramin da aka hana shiga. Da guntun kuɗin da ya rage ake rage siminti, a ƙara yashi. Damina biyu, bango ya tsage, sai a ce maginin ƙauye ne bai iya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Wasu manyan ma'aikata suna cewa tsadar rajista ita ke tace ƴan damfara. Wannan magana ba ta da kai. Ɗan damfara ai shi ne mai kuɗin biya. Wanda yake son ya san magini, ya je ya duba ginin da ya yi bara, ya tambayi mutanen garin.

Ku tuna yara fiye da 20 da gobara ta cinye cikin ajin zana a Maraɗi a Nuwamban 2021. Ku tuna ambaliyar 2024, wadda ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Ƙasar da ke bukatar dubban azuzuwa ba ta da hujjar rufe ƙofa ga masu iya gina su. A Oktoban 2024 gwamnati ta karya farashin siminti da doka guda. Hannun da ya iya wannan zai iya karya kuɗin takarda.

Bukatarmu uku ce. A daidaita kuɗin rajista da na kundin gasa da girman aiki, kada mai neman aji biyu ya sha wahalar mai neman gada. A riƙa ba da takardun ƙananan ƴan kwangila a Ƙonni, Malbaza da Illela, ba sai an je babban birni ba. A liƙa farashin kowace takarda a ƙofar ofis, da Hausa da Faransanci, don kada wani ya ƙara nasa a ƙarƙashin tebur.

Ku ƴan kasuwa, ku kai maganar gaban majalisar kasuwanci ta Tawa da murya ɗaya. Ku ma'aikata masu riƙe da tambari, ƴaƴanku ne za su zauna ƙarƙashin wannan rufi.