Kifin Gwangwani Ba Na Teburin Mai Shayi Kaɗai Ba Ne

A Dauran ta ƙasar Zurmi, an ɗauki kifin gwangwani, wato sadin, a matsayin abin marmarin da magidanci kan haɗa da burodi a teburin mai shayi. Wannan fahimta tana buƙatar gyara. A shekarar 2024, binciken ƙungiyar likitoci ta MSF ya nuna cewa yaro ɗaya cikin huɗu, 'yan ƙasa da shekara biyar, a Shinkafi da Zurmi yana fama da tamowa. Tuwon dawa kan cika ciki, amma shi kaɗai ba ya gina jikin yaro.

Sadin kuwa yana ɗauke da furotin da man omega-3 da bitamin D da B12. Ƙayarsa, wadda wasu kan tsince su yar, ita ce rumbun kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi; ta riga ta yi laushi, murjewa kawai take buƙata. Gaskiya ne yana da tsada, tunda akasari daga Maroko ake shigo da shi. To amma gwangwanin da magidanci zai cinye a waje, in an dagargaza shi cikin faten wake, zai ratsa kwanon yara uku. Sai dai uwargida ta rage gishiri, domin kifin da nasa yake zuwa.