Horon Malamai Ta Wayar Salula: Darasin Da Kasuwar Malanville Za Ta Iya Koyarwa

Sanin kowa ne cewa a shekarun nan babu abin da ya sauya harkar saye da sayarwa a bakin iyaka kamar wayar salula. Daga Malanville zuwa Gaya, daga Kamba zuwa Kwatano, ɗan kasuwa kan ji farashin albasa, masara ko garin rogo tun kafin mota ta tashi, ya ga hoton kaya ta WhatsApp, ya kuma tura kuɗi ba tare da ya bar rumfarsa ba. Ganin haka ne hukumomin ilimi da ƙungiyoyin ƙasashen waje suka fara tunanin cewa abin da waya ta yi wa buhun albasa za ta iya yi wa malamin lakwal: a haɗa shi da wani gwani da zai riƙa yi masa jagora daga nesa, a kuma haɗa shi da 'yan'uwansa malamai su riƙa koyo daga juna. Abin tambaya a nan shi ne, shin wannan dabara za ta kai yaranmu ga iya karatu, ko kuwa wata hanya ce kawai ta rage kashe kuɗi a kan yankunan da suka yi nisa da fadar gwamnati?

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Yaron da ya share shekara shida a firamare, daga ajin CI har zuwa CM2, ya fito bai iya karanta takardar duwan ko lissafin kuɗin dako ba, mu ne muka yi asara, domin mu muka sayi kayan makaranta da littattafai, mu ne kuma muka haƙura da taimakon da zai yi mana a rumfa duk tsawon waɗannan shekaru. Kuma duk wanda ya san aji ya san cewa abin da yaro zai samu bai wuce abin da malaminsa ya iya bayarwa ba.

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Oktoba na 2006 ne gwamnatin Shugaba Boni Yayi ta soke kuɗin makarantar firamare a Jamhuriyar Benin. Yara suka yi ta kwarara cikin azuzuwa, alhali tun kafin nan akwai ƙarancin malamai, saboda a zamanin tsuke bakin aljihu na ƙarshen shekarun 1980 gwamnati ta tsayar da ɗaukar ma'aikata, har ta kai iyayen yara su ne ke ɗaukar malamai suna biyansu daga aljihunsu. Da yawa daga cikin waɗannan malamai ba su taɓa shiga makarantar horon malamai ba, daga baya kuma gwamnati ta mayar da su ma'aikatan kwantaragi. A 2019 an sake ɓullo da wani tsarin na ɗaukar matasa masu neman shiga aikin koyarwa, waɗanda ake kira AME. Ke nan matsalar ɗaya ce tun daga wancan lokaci: malami yana tsaye gaban aji, ba za a iya cire shi a kai shi kwas na shekara biyu ba, tilas a horar da shi yana bakin aiki.

A jihar Alibori abin ya fi tsanani. Malanville na da nisan sama da kilomita 700 daga Kwatano, makarantar horon malamai mafi kusa kuwa tana Kandi, kimanin kilomita 100 ta kudu. Ƙidayar 2013 ta nuna cewa gundumar Malanville na da mutum sama da 168,000, yawancinsu a ƙauyukan Gene, Garu, Madekali da Tumbutu. Yaro kan zo makaranta da Dandanci, Zabarmanci, Fulatanci ko Hausa, a tarbe shi da Faransanci tun ranar farko, kuma sau da yawa malamin daga kudu aka turo shi, ba ya jin ko ɗaya daga cikin waɗannan harsuna. Irin wannan malami, ko da takardarsa ta yi kyau, yana bukatar wanda zai nuna masa hanya.

Hasali ma Benin na cikin ƙasashen da suka gwada horon malamai daga nesa a wannan yanki. Bayan taron ƙolin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a birnin Bukares na Romaniya a 2006, an kafa shirin IFADEM, aka fara gwada shi a ƙasashe huɗu: Benin, Burundi, Haiti da Madagaska. A Benin an soma da malamai sama da 500 a jihohin Zu da Kolin, cibiyarsu kuwa makarantar horon malamai ta Abome. Yadda aka tsara shi abin lura ne. An ba kowane malami littattafan da zai yi nazari da kansa a gida, an ba kowane rukuni jagora ɗaya daga cikin jami'an da ke ba malamai shawara, ana taruwa a ƙananan rukunoni kusa da makarantu, sannan a lokacin hutu a haɗu duka a cibiya na 'yan kwanaki, a nan ne ake koya musu kwamfuta da intanet. Wato na'ura ce ƙarshe, mutum ne farko. Daga baya a Madagaska an ƙara da wayar salula, inda malamai ke sauraron darussa da aka naɗa, su kuma kira jagoransu idan sun sami matsala.

Ta ɓangaren Nijeriya ma an yi irin wannan ƙoƙari. Cibiyar Horon Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta daɗe tana horar da malamai daga nesa. A 2013 hukumar UNESCO da kamfanin Nokia sun gwada aika wa malaman firamare gajerun saƙonni na dabarun koyar da Ingilishi ta waya. A shekarar ce kuma aka fara shirin TDP da tallafin gwamnatin Birtaniya a jihohin Katsina, Jigawa da Zamfara, daga baya ya shiga Kano da Kaduna. An ba malamai bidiyon darussa a cikin waya, suna kallon yadda ɗan'uwansu ke tafiyar da aji, suna kuma taruwa rukuni-rukuni su tattauna. Binciken da aka yi don auna shirin ya nuna an sami ɗan sauyi a yadda malamai ke mu'amala da yara, amma ba a ga wani ci gaba na a-zo-a-gani a karatun yaran ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: cunkoson aji, malaman da ba sa shiga aji a kan lokaci, da kuma malaman da su kansu ba su ƙware a abin da suke koyarwa ba.

Gwajin da ya fi fito da gaskiyar lamarin shi ne wanda aka yi a lardin Mpumalanga na Afirka ta Kudu daga 2017 zuwa 2019, a makarantu 180. An raba su kashi uku: a wasu jagora kan zo da ƙafarsa ya zauna cikin aji ya ga darasi, a wasu jagoran na nesa, yana magana da malamai ta kira da saƙon waya, sauran kuma aka bar su yadda suke. A shekarar farko sakamakon kashi biyun farko ya yi kusan daidai, har aka fara murnar an sami hanya mai sauƙin kuɗi. Amma bayan shekara uku sai labari ya sha bamban. Yaran da jagora ke zuwa ajinsu sun ci gaba a jin Ingilishi da karanta shi, yayin da na jagoran waya ba su sami ci gaba a karatun ba, kuma karatunsu na harshen gida ma ya ɗan ja baya. Masu binciken sun danganta hakan da cewa wanda ke nesa ba ya ganin abin da ke faruwa a aji, malami kuma ba ya jin nauyinsa kamar na wanda zai iya sallama a bakin ƙofa.

To, ko wannan na nufin waya ba ta da amfani ke nan? A'a. A nan kusa da mu, a yankunan Maraɗi da Damagaram, masu bincike Jenny Aker da Christopher Ksoll sun gwada wani abu mai sauƙi a azuzuwan yaƙi da jahilci: kowane mako a kira malami, a kira mai gari, a kira biyu daga cikin ɗalibai, a tambaye su ko an yi darasi da kuma mutum nawa suka zo. Wannan kira kaɗai ya sa ɗaliban waɗannan ƙauyuka suka fi sauran iya karatu da lissafi. Abin da ya yi aiki a nan shi ne malami ya san akwai wanda ya damu da aikinsa, kuma mutanen garin na cikin maganar.

Ita wannan Aker ɗin ce ta taɓa bin diddigin kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Mu da ke cikin harkar mun san sirrin. Waya ta yi mana amfani ne saboda akwai dillali ko mai masauki a ɗaya gefen wanda muka sani ido da ido, muka ci abinci a gidansa, muka gwada amanarsa da ƙaramin kaya kafin babba. Babu ɗan kasuwar da zai loda wa baƙuwar murya mota guda bashi. Haka kuma babu ubangidan da ya taɓa koya wa yaronsa gane albasar da za ta jure tafiyar Kwatano ta hanyar saƙon murya; sai ya tsaya tare da shi a kan buhu. Bayan yaro ya koya, to a nan ne waya ke ɗaukar sauran aikin. Koyarwa ma sana'a ce, kuma ƙa'idarta ke nan.

Sai dai halin da yankinmu ya shiga ya sa ba za a iya yin watsi da waya ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar an rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, kuma ko da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, hukumomin Yamai ba su buɗe nasu ɓangaren ba a lokacin, jama'a suka koma tsallaka kogi da kwalekwale. Ciniki ya ja baya, aljihun iyayen yara ya yi sanyi. Ga kuma matsalar tsaro da ta kunno kai a arewacin Benin tun ƙarshen 2021, wadda ta kai ga a watan Afrilun 2025 gwamnati ta sanar da rasuwar sojoji 54 a yankin gandun dajin W. A irin wannan yanayi, jami'in da ke zagaya makarantu a kan babur ba kowane ƙauye zai iya shiga ba, ballantana da damina idan kogi ya yi ambaliya kamar yadda ya yi a 2010. Malamin da ke can shi kaɗai, idan ba a kira shi ba, babu abin da zai hana shi neman canjin wurin aiki.

Don haka muna ganin hanyar da ta dace a bayyane take, kuma ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba. Benin na da tsarin da malaman makarantu maƙwabta ke taruwa su yi nazarin darasi tare, wanda ake kira UP, Nijar ma na da irinsa mai suna CAPED. A kan waɗannan tarurruka ya kamata a ɗora waya. Jagora ya zama wanda malamai suka sani, mai jin harshen yankin, wanda zai shiga aji ko da sau ɗaya ne a kowane zango, sannan tsakanin ziyara da ziyara a riƙa kira da musayar saƙon murya a kan darasin mako. Malamin da ya gano dabarar koya wa ɗan Dandi ko ɗan Fulani haruffa ya naɗa ya tura wa 'yan'uwansa. Kuma a fayyace tun farko wanda zai biya kuɗin kira da na intanet, domin shirin da ya dogara da albashin malamin kwantaragi ya mutu tun ba a haife shi ba.

Mu ma 'yan kasuwa akwai abin da ya rataya a wuyanmu. Kowace makaranta na da ƙungiyar iyayen yara, amma mu nawa ne ke halartar taronta idan ya faɗo ranar kasuwa? Kamata ya yi mu tambayi diraktan makaranta: yaushe rabon da jami'i mai ba da shawara ya shiga ajin yaranmu, kuma ana yin taron malamai ko an daina? Ƙungiyoyinmu na masu albasa, masu hatsi da direbobi ba za su gaza saya wa makarantar ƙauye faifan sola na cajin waya ba, ko su ɗauki nauyin man babur na malaman da za su je taro. Wanda ke da mota mai bin hanyar Kandi zai iya ɗaukar littattafan malamai a kan kaya ba tare da ya yi asarar ko dala ba.

Daga ƙarshe muna kira ga ma'aikatar ilimin firamare da ƙungiyoyin da ke tallafa mata da kada su auna nasara da yawan wayoyin da aka raba ko yawan saƙonnin da aka tura. Ma'aunin ɗaya ne: a ɗauko yaro ɗan ajin CE1 a Madekali ko Garu, a ba shi layi uku ya karanta. Idan ya karanta, an yi ciniki. Idan kuwa ya kasa, to kaya na nan a ƙasa, komai yawan kiran da aka yi. Allah Ya sa mu dace.