Filin Kimiyya: Famfo A Farautar Ƙananan Dabbobin Teku

Duk kifin ƙanƙara da ke isowa kasuwannin ƙasar nan, da wanda ake rufewa a gwangwani, asalin ƙibarsa daga wasu ƙananan halittu ne masu shawagi a teku, waɗanda igiyar ruwa ke kai su inda ta ga dama. Wani masani Bajamushe na Jami'ar Kiel, Victor Hensen, shi ya raɗa musu suna filankiton a shekarar 1887. Wasunsu tsiro ne, wasu kuwa dabbobi, kamar dangin jatan lande waɗanda da yawansu ba su kai ƙwayar shinkafa ba, da ƙwan kifi da 'ya'yansa sabbin ƙyanƙyasa.

Hanyar da aka saba bi wajen ƙidayarsu ita ce a ɗaura koma mai ƙananan idanu a jirgi, a ja ta cikin ruwa, kana a ƙirga abin da ta kamo. To, amma koma tana da aibi biyu. Na farko, idanunta kan toshe, ruwa ya riƙa kauce mata, lissafin yawan ruwan da ta tace ya rikice. Na biyu, idan an jawo ta daga ƙasa zuwa sama sai ta cuɗe kome wuri guda, ba a san wanda ke zaune a zurfin mita goma ba, balle na mita hamsin.

A nan ne famfo ya sami shiga. Akan zura dogon tiyo zuwa zurfin da ake bukata, famfo ya zuƙo ruwan zuwa cikin jirgi, ma'auni ya nuna lita nawa suka wuce, sa'an nan ruwan ya bi ta matankaɗi mai laushi. Da an gama da wannan zurfi sai a ƙara sauke tiyon, a canja matankaɗi. Ta haka akan karanta teku hawa-hawa kamar bene, kuma a ruwan nan guda akan auna sanyi da gishiri.

Mai karatu zai iya tambaya, ina amfanin wannan wahala? Amsar ita ce, halittun nan ba a warwatse suke daidai wa daida ba. Sukan taru a siraran shimfiɗu, wata kaurinta bai wuce 'yan mitoci ba, kuma da yawansu kan hauro sama da dare su nitse da rana. Tun 1914 masanin Norway, Johan Hjort, ya kawo ra'ayin cewa yawan kifin wata shekara ya dogara ne ga abincin da 'ya'yan kifi suka samu a kwanakin farko. A 1975 Reuben Lasker ya bayyana bincikensa a gaɓar Kalifoniya ta Amurka: 'ya'yan wani ƙaramin kifi sun ƙoshi cikin ruwan da aka ɗebo daga shimfiɗa mai kauri, amma da guguwa ta dama ruwan, abincin ya tsinke, suka kasa cika ciki. Watau ɗan kifi bai damu da jimillar abincin teku ba, abin da ke gaban bakinsa shi ne nasa.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Ruwan da famfo ke tacewa kaɗan ne in an gwada da na koma. Dabbobi masu zafin nama kan ji motsin zuƙa su tsere, masu jiki kamar kunun kanwa kuwa su dagargaje a hanya. Tsawon tiyo ma yana rage ƙarfin ruwa, saboda haka don manyan zurfafa akan sauke famfon ne da matankaɗinsa a kan waya.

Shi ya sa masu bincike kan haɗa biyun, koma ta faɗi yawa, famfo ya faɗi wuri. Hukumar da za ta yanke wa masunta adadin kamun baɗi tana bukatar sanin duka biyun, domin kuskurenta kan ƙare ne a kan masunci da mai cefane.