Muna Faɗa Kan Ɗankwali, Jikin 'Ya'yanmu Yana Lalacewa



Mun daɗe muna zaman majalisa a kan wando da ɗankwalin 'ya'yanmu da ke jami'a. Yaushe muka taɓa zama a kan abin da suke shafawa da abin da suke haɗiya?

Uba ya sayar da buhun masara ya aika kuɗin abinci. Yarinya ta raba shi uku: man bilicin, gashin kanti, saura ta sha gari da shi. Wadda ta kwana da yunwa me za ta riƙe a ajin ƙarfe takwas? Yawancin mayukan nan suna ɗauke da haidrokwinon, ko makyuri, ko sitiroyid. Makyuri yana lalata ƙoda. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri, har ciwo ya ƙi warkewa. A 2023 hukumar NAFDAC ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Mu kuwa ko sanarwa ba mu yi ba.

Ga kuma ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Wasunsu deksametazon ne, maganin da likita ke bayarwa da awo. Kumburin da yake kawowa ba ƙoshi ba ne. Yana tayar da sukari da hawan jini. Masu buɗe ciki kuma barci suke sawa, ga jarrabawa a gaba. Samarin ma ba su tsira ba: kuɗin littafi ya tafi a takalmi da aski.

Amma kada mu ɗora wa waya da ƙawaye dukan laifin. Yarinya ta dawo hutun Kirsimati fuska fari, gaɓoɓin yatsu baƙi, wa ke tarbarta a ƙofar majami'a da "kai, boko ya karɓe ki"? Mu ne. Wa ke tsokanar siririya cewa ba mai aurenta? Iyayenta mata a zumunta. Mun yi wa'azi sau nawa a kan yadda Sama'ila ya ruɗu da tsayin Eliyab, sa'an nan mu fito mu yi abin da ya yi.

Muna da ma'aikatan jinya a kusan kowace gunduma. A ba su Lahadi ɗaya cikin hutun nan su zauna da ɗalibai, maza daban, mata daban. Iyaye kuma in kun buga waya, ku tambayi abin da aka ci yau kafin ku tambayi sakamako.