An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk sa'ad da lokacin ɗaukar sababbin yara a makaranta ya kewayo, sai mu ji mahukunta sun hau rediyo suna gargaɗi, wai duk uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta za a gurfanar da shi gaban alƙali. Cikin 2023 har ƙudiri aka kawo gaban Majalisar Dattawa, ana neman a ɗaga tarar irin wannan uba ta kai Naira 50,000. To jama'a, tun da yake da doka ake yi mana kurari, ya kamata mu buɗe dokar nan mu ga abin da ke cikinta duka, kada a riƙa karanta mana rabi ana ɓoye rabi.

Dokar da ake magana ita ce wadda aka kafa cikin 2004, zamanin mulkin Obasanjo, ta ilmin farko kyauta kuma dole. Ta ce kowane yaro ya yi shekara 9 yana karatu, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, ta kuma ɗora wa iyaye nauyin kai 'ya'yansu da tsare su har su gama. Wanda ya saɓa, karo na farko kotu ta ja masa kunne. Karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. In ya sake, Naira 5,000 ko wata biyu. Wannan shi ne wurin da manyanmu suka haddace sarai.

Amma tun kafin dokar ta ambaci uba, da gwamnati ta fara. Ta ce wajibi ne a kan kowace gwamnati a Nijeriya ta ba da ilmin nan kyauta. Ba ta kuwa bar kalmar kyauta a dunƙule ba, ta fayyace ta: littattafai, da kayan koyarwa, da ɗakunan karatu, da kujeru, har da abincin rana. Sa'an nan ta ce duk wanda ya karɓi kuɗi a kan waɗannan abubuwa ya yi laifi, hukuncinsa tara har Naira 10,000 ko ɗaurin wata 3. Ku lura da kyau, 'yan'uwa. Hukuncin mai karɓar kuɗin yaro ya fi na uban da ya hana ɗansa zuwa nauyi. Yaushe rabonku da ku ji an faɗi wannan a rediyo?

Kowa a cikinmu ya san abin da kan faru ranar shiga. Mai kayan miya ya bar rumfarsa da sassafe, ya riƙo hannun ɗansa zuwa makarantar gwamnati. Sai a ce ya kawo kuɗin fom, da hoto, da takardar haihuwa. Ya ɗinko rigar makaranta. In ya tsallake wannan, ga kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, ga kuɗin jarrabawa, ga tsintsiya, wani wurin har da kuɗin alli. Kowanne in ka ɗauke shi shi kaɗai ba wani abu ba ne a wurin mai hali. Amma mutumin da ribarsa ta yini da ƙyar take isa cefane, ga shi da 'ya'ya biyar masu shekarun shiga makaranta, sai ka ga ya zaɓi biyu ya bar uku, kuma galibi 'yan matan ake bari. Ranar da bai biya ba kuwa a koro masa yaron, a rubuta a littafi cewa ya yi fashi. Wa ya karya doka a nan?

Ba mu ce a je a shaƙe wuyan hedimasta ba. Sau da yawa shi ma an ba shi makaranta ne ba a ba shi ko sandar alli ba, dole ya miƙa hannu wajen iyaye. Tushen abin yana sama. Dokar ta ce Gwamnatin Tarayya ta riƙa keɓe aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin babban asusunta saboda ilmin farko, a hannun hukumar da ake kira UBEC. Sharaɗin kawai shi ne, jihar da ke son kasonta ta ajiye nata rabin. Shekara da shekaru hukumar nan da bakinta take kukan cewa biliyoyin nairori suna kwance a Abuja, jihohi da yawa ba su kawo nasu rabin sun ɗauka ba. Yaranmu na zaune a ƙasa, rufin aji ya yaye, kuɗin gyara kuwa yana can yana barci. Harajin kasuwa dai ba ya makara ko kwana ɗaya. Wanda ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

Dattawanmu sun san cewa tilas ba baƙuwa ba ce a harkar boko. Zamanin En'e, sai a aiko wa hakimi cewa ana son yara kaza a elementare, shi kuma ya raba wa dagatai. Dagaci ya ɓoye nasa 'ya'yan, ya kamo na talakawa da na barorinsa, wani lokaci ma ɗan wanda yake jin haushi. Mai ɗan abin hannu ya kai gaisuwa a sako masa ɗansa. Haka mutanenmu suka tashi suna ganin makaranta wata wahala ce irin ta haraji da aikin tilas. A daidai zamanin da ake wannan kame-kame, Jihar Yamma ta buɗe ilmin firamare kyauta cikin 1955, iyaye suka yi ta tururuwa da 'ya'yansu. Daga baya aka yi shirin UPE cikin 1976, aka sake ƙaddamar da UBE a Sakkwato cikin 1999, Kano ta yi shelar nata ilmin kyauta kuma dole cikin 2019. Shela dai ba mu taɓa rasa ta ba. Duk da haka, lissafin UNICEF da aka daɗe ana ambata ya nuna yara wajen miliyan 10 da rabi ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan, mafi yawansu a Arewa, UNESCO kuwa cikin 2022 ta ce adadin ya kai wajen miliyan 20 in an haɗa da matasa. Wane gidan yari ne zai ɗauki iyayensu?

Yau 'ya'yan manya ba a ɓoye su. Suna makarantun kuɗi, waɗansu ma a ƙasashen waje. Ɗan talaka ne aka bar wa ajin da tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami ɗaya ya riƙe yara 35, amma ka leƙa a birane ka tarar da fiye da ɗari.

To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai waɗansu cikinmu da ke rubuta sunan yaro a makaranta, sa'an nan su ɗauka sun gama. Ranar kasuwa a ce ya zauna ya tsare rumfa. Damina ta sauka a tafi da shi gona har kaka. Yarinya kuwa a ɗora mata farantin talla tun hantsi. Mun san dalili. Uwar da ke cikin gida tana suyar ƙosai ko ƙuli-ƙuli ba ta da ƙafar kai wa masu saye sai ta 'yarta, kuma da wannan riba ake haɗa wa yarinyar kayan ɗaki. Wanda bai san wannan ba bai cancanci ya yi wa matanmu wa'azi ba. Duk da haka lissafi ba ya ƙarya. Yaron da ke fashin kwana ɗaya kowane mako ya zubar da kashi ɗaya cikin biyar na karatunsa, kuma darasin yau a kan na jiya ake ɗora shi. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin abin da kan sami mai buɗe rumfa yau ya rufe gobe. Tallar yamma bayan an tashi, da taimakon Asabar da Lahadi, sun fi a cire yaro gaba ɗaya.

In hukuma na son yara su cika aji, an riga an ga hanya. Cikin 2016 da Jihar Kaduna ta fara ba yaran firamare abinci, ba a kai uba ko ɗaya kotu ba, amma ajujuwa suka cika har suka tumbatsa. Haka kuma uban da ya ji labarin Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, in ya riƙe 'yarsa a gida, tsaro yake bukata a ba shi kafin a yi masa maganar tara.

Saura abu ɗaya, wanda ya fi sauran zafi. Zuwa makaranta daban, samun karatu daban. Cikin 2017 Gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce fiye da 21,000 ba su ci ba. An yi ta gardama a kan yadda aka yi jarrabawar da yadda aka kori mutanen, amma tambayar da ta dame mu ita ce, wa ya ɗauke su aiki tun farko, kuma da takardar wane babba suka shigo? Saboda haka kada ku dogara da sakamakon da ake rubuto muku ƙarshen zango. Yau da dare ka kira ɗanka na aji huɗu, ka miƙa masa jaridar nan ya karanta maka layi uku. Ka ce masa mutum ya sayi mudu uku na gero, ya ba da kuɗi kaza, nawa ne canjinsa? In ya kasa, kada ka ɗauko bulala. Ka kwana da shirin zuwa makarantar da safe.

In za ka je kuwa, kada ka je kai kaɗai. Ku haɗu ku biyar ko goma daga layinku na kasuwa, ko ku sa shugabannin ƙungiyarku a gaba. Makarantun gwamnati suna da kwamitin kula da makaranta wanda ya kamata a ce da iyaye a ciki, ku tambaya su wa ke wakiltarku, kuma wa ya zaɓe su. Duk kuɗin da aka nema, ku ce a ba ku rasit mai ɗauke da sunan abin da aka karɓa dominsa. Ku tara rasit ɗin nan wuri ɗaya. Ranar da ɗan majalisar jiharku ya zo kasuwa gaisuwa, ku shimfiɗa masa su a kan tebur, ku tambaye shi ko jiharku ta ɗauko kasonta na bana daga Abuja, in kuwa ta ɗauko, ya faɗa muku makarantar da aka kashe shi.